Tsohuwar Zuma: Tarihin Motar Amurka a Kan Yashin Ƙasar Gumel

Wata rana da la'asar sakaliya, ina zaune a ƙofar gida a Gagarawa Tasha, inuwar darbejiya ta miƙe gabas, sai wani ɗan ƙanena da ke karatu a Dutse ya matso bakin tabarmata, ya durƙusa, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, don Allah dubi wannan, ka gaya mini ko ka taɓa ganin irinta." Na karɓa na gyara tabarau, sai ga hoton wata mota baƙa wuluk, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu, ga madigadi mai lanƙwasa, ga fitilu biyu a waje kamar idanun kwaɗo, ga matakala a gefen ƙofa. Ya ce Ford ce ƙirar 1932, amma an cire injinta an sa na zamani, an sake mata birki, an sa mata na'urar sanyi, kuma kuɗin da ake sayar da irinta a Amurka ya isa mutum ya gina gida na gani na faɗa. Na daɗe ina kallo ban ce uffan ba, domin na lura abin nan da yaron ya ɗauka baƙon al'amari ne daga wata duniya, kakanninsa sun san danginsa, sun hau su, sun tura su cikin yashin nan da muke zaune a kai, har ma sun yi musu irin wannan tiyata tun ba a raɗa mata suna ba. Amsar da na ba shi a ranar gajeruwa ce, ga doguwar.

Wanda zai fahimci abin da mota ta yi wa ƙasar nan, wajibi ne ya fara sanin ƙasar kafin zuwanta. Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Mangawa ne suka kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa Borno, tana zaune a tsakanin manyan maƙwabta, Kano daga yamma, Haɗeja daga gabas, Damagaram daga arewa. Arzikinta a kan hanya yake. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Gumel cikin watan Maris na 1851, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa, inda fataken gabas ke sauke kaya, na Kano su ɗauka. A zamanin nan kuwa, nisa da zango ake auna shi, nauyi da abin da jaki ko takarkari ko raƙumi zai iya ɗauka, kuma madugun da ya san inda rijiya take ya fi wanda ya san inda riba take daraja a wurin ayari. Ƙasa ce ta jigayi, yashi mai laushi wanda ƙafar raƙumi ke so, ƙafar keke ke ƙi. Daga gare shi ne ma jiharmu ta sami sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Sai Allah, wanda yake jujjuya kwanaki a tsakanin mutane, ya hukunta abubuwa biyu su auku cikin shekara guda, a wurare biyu da babu wanda ya san da ɗan'uwansa. A 1903 ne Turawan Ingila suka ci Kano, Sarkin Gumel Ahmadu kuma ya shiga ƙarƙashin mulkinsu. A cikin watan Yuni na shekarar nan ne kuma wani ɗan manomi mai suna Henry Ford ya kafa kamfaninsa a birnin Detroit na Amurka. Bayan shekara biyar, a 1908, ya fito da motar da ya kira Model T, wadda nufinsa da ita shi ne manomin Amurka, wanda hanyarsa taɓo ce da damina, ƙura da rani, ya sami abin hawan da zai iya saye, ya kuma iya gyarawa da hannunsa. Injinta silinda huɗu ne, ƙarfin doki 20. Cikinta a ɗage yake nesa da ƙasa. Ba ta da nauyi, mutum huɗu sa ɗaga bayanta su fid da ita daga rami. Da farko dala 850 ake sayar da ita, amma da ya shigo da dabarar nan ta jera ma'aikata a gefen layi mai tafiya a 1913, kowa da abu guda da yake ɗaurawa, sai kuɗinta ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925. Kafin a daina ƙera ta a 1927, an yi fiye da miliyan 15.

Mai karatu zai iya tambaya, ina dalilin da ƙasar da Ingila ke mulka za ta cika da motocin Amurka, alhali Ingila tana da nata masana'antu? Illar a gida take. Tun daga 1921 hukumar Ingila ta ɗora wa mota haraji gwargwadon faɗin silindarta, fam guda a kan kowane doki na lissafinsu, har ya zama mai Model T yana biyan fam 23 a shekara, mai ƙaramar Austin Seven yana biyan fam 8. Saboda haka maƙeran Ingila suka karkata ga ƙananan injuna da motoci masu kwanciya ƙasa, waɗanda suka dace da titunansu masu santsi, manyan lorinsu kuwa nauyinsu ya fi ƙarfin hanyar da ba ta da kwalta. Motar Amurka da aka yi don karkara mai faɗi sai ta tarar da karkara irin tata a Afirka. Ga shi kuma Ford ya riga ya buɗe reshe a Kanada tun 1904, wanda aka ba ikon sayarwa a ƙasashen daular Ingila ban da Ingila kanta, ana ƙera masu sitiyari a dama don masu bin hannun hagu irinmu a lokacin. A Ikko, wani attajiri ɗan ƙasa, W. A. Dawodu, yana cikin na farkon da suka yi suna wajen shigo da motocin Amurka da gyaransu. Harshen Hausa kuwa, wanda ba ya barin baƙo ya kwana da rigar da ya zo da ita, ya mai da Ford ya zama Hodi.

Tayar da Hodi ta farko ilmi ne mai sharuɗɗa kamar alwala, wanda ya tsallake rukuni guda sai ya sake. Direba zai ja birkin hannu, ya tura ɗan ƙarfen wuta da ke hagun sitiyari sama, ya buɗe na mai da ke dama kaɗan, domin totur ɗinta a hannu yake, ba a ƙafa ba. Sa'an nan ya zagayo gaba, ya kama ƙarfen murɗawa da ke ƙarƙashin lagireto, ya kwantar da babban yatsansa tare da sauran, kada ya naɗe shi a kan ƙarfen, ya fizgo sama da ƙarfi. In ya manta bai rage wuta ba, injin ya mayar da martani, ƙarfen ya dawo baya ya karya masa hannu, sai gidan maɗori. Da hunturu, in baƙin mai ya yi kauri, sai an ɗaga ƙafar baya guda da jak kafin ta yarda ta tashi. In ta tashi kuma, feda uku ne a gabansa: na hagu na giya, na tsakiya na komawa baya, na dama birki. Tankin manta a ƙarƙashin kujera yake, ba famfo, man da kansa yake gangarawa zuwa inji. Saboda haka in an zo hawan tudu mai tsayi alhali mai ya yi ƙasa, sai ta shaƙe, sai direba ya juya ta ya hau da baya, mutanen gari suna kallo suna salati.

Amma mota ba ta zama abin yau da kullum a ƙasar nan ba sai da jirgin ƙasa ya share mata fage. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, nan da nan gyaɗa, wadda da abin ƙuli-ƙuli da miya ce, ta zama abin da Turai ke nema da kuɗi a hannu, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Daga baya aka ja reshe daga Kano ya nufi gabas, ya bi ta Ringim, ya ratsa ta nan Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru a 1930, a zamanin Sarkin Gumel Muhammadu na Kota, wanda ya yi sarauta daga 1915 zuwa 1944. Tun daga nan garinmu ya zama biyu, Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha, kuma har gobe haka sunayen mazaɓun suke. Tashar ita ce ƙofar masarautar zuwa teku. Gyaɗar Gumel da ta Maigatari, har da wadda ke tsallakowa daga ƙasar Faransi, tilas ta nemi bakin dogo, kuma tazarar nan da ke tsakanin gona da sikeli ita ce filin da jaki da raƙumi da lori suka yi shekaru suna kokawa a kansa.

Lokacin ya dace da zamanin da motar Amurka ta balaga. A ƙarshen 1927 Ford ya fito da Model A mai ƙarfin doki 40, mai giya irin wadda muka sani a yau. A 1929 abokin hamayyarsa Chevrolet ya fito da inji mai silinda shida, mai haƙuri da jure wahala. Ford ya rama a 1932 da inji mai silinda takwas, huɗu a kowane ɓangare suna jingine kamar bakin almakashi, ƙarfin doki 65, aka zuba gangar jikinsa a zubi guda don ya yi araha; irin injin da motar da yaron nan ya nuna mini ta fito da shi daga masana'anta ke nan. Galibin abin da ke zuwa mana ba ƙawatattun motocin birni ba ne. Ƙashi ne da inji da hanci, watau firam da ƙafafu da sitiyari, sai kafintocinmu su gina masa bodin katako, su yi masa benci da rumfa, mai fenti ya rubuta addu'a a goshi. Akwai kuma ƙaramar nan mai buɗaɗɗen baya, ta joji da ma'aikatan En'e da 'yan kamfani, wadda aka sani da kitika. Ashe tun ranar da motar Amurka ta sauka a ƙasar nan rabinta namu ne.

Dattawan da na taras, Allah ya jiƙansu, in suna ba da labarin tafiyar lori a hanyar rani, ba su cika yabon direba ba kamar yadda suke tausaya wa karen mota. Shi ne yake kwana a kan buhuna, shi ne mai murɗa inji da asuba, shi ne mai dirowa tun mota ba ta tsaya ba, da weji a hannunsa, ya cusa shi a bayan taya, domin birkin zamanin na sanduna ne da waya, wanda ba ya cika alkawari in kaya ya yi nauyi. Ford bai koma birkin mai ba sai 1939, shekara uku bayan Chevrolet. In an shiga jigawa ƙafafu suka nutse, sai direba ya leƙo ya ce, "Jama'a, a taimaka," fasinja su sauko, malami da falke da mai goyo, a tone yashi da hannu, a shimfiɗa kara da zana a gaban taya, a sa kafaɗa da "ya Allah, ya Annabi," ta fita ta bar su cikin ƙura, su bi ta da gudu. Injin nan mai silinda takwas kuwa, duk da ƙarfinsa, yana da aibi guda da aka san shi da shi har a ƙasarsu, watau saurin zafi. To, ina ga watan bazara a ƙasar da rijiyarta gaba da yawa ce? Sai ka ga tururi ya turnuƙe hanci, karen mota ya saɓi garwa ya nufi ƙauye yana roƙon guga. Ita kanta garwar baƙuwa ce da ta zo tare da mota da fitila, domin kafin a gina gidajen mai, fetur da kananzir a cikinta suke zuwa, galan huɗu-huɗu, biyu a akwatin katako guda. Man ya ƙare, garwa ta zauna, ta zama ma'aunin ruwa da jarin mai ga-ruwa.

Sai yaƙin Hitila ya zo, ya zama makarantar da ta yaye makanikanmu. A watan Fabrairu na 1942 masana'antun Amurka suka daina ƙera motar farar hula ɗungum, suka koma tankoki da jirage. A farkon shekarar nan kuma Japan ta mamaye Malaya, inda kaso mai yawa na robar duniya ke fitowa, taya ta zama kamar zinariya. Ga gwamnati tana matsa wa talakawa su noma gyaɗa don yaƙi, ga motocin ɗaukarta sun tsufa, ga babu sabon ƙarfe daga teku. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Aka koma ana yanka mota guda don a rayar da biyu, a ɗauki injin wannan a ɗora a firam ɗin waccan, a kai wa maƙeri karyayyen sifirin ya hura zuga ya haɗa, a yanka fatar shanu ko kwali a yi abin toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a ɗinke taya da waya a cusa mata tsohuwa a ciki. Da aka gama yaƙi, sojojin da suka dawo daga Bama, waɗanda da yawansu a can suka koyi tuƙi da kwance inji, suka shigo sana'ar da ilminsu na bariki, ya haɗu da na maƙera na gado. Daga wannan aure ne aka haifi garejin bakin hanya, inda yaro ke shekara da shekaru yana miƙa sifana kafin maigida ya yarda ya taɓa kafireto.

Bayan yaƙi tauraruwar motar Amurka ta fara dusashewa a wurinmu, ba don ta gaza ba, sai don dala ta yi wuya. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi, ta ƙuntata sayayya da kuɗin Amurka a ƙasashen da take mulka, a watan Satumba na 1949 kuma ta karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa 2.80. Sai lorin Ingila suka cika hanya, musamman Bedford, wadda muka kira Bilhodi, a zamanin da dalar gyaɗa ke tashi a Kano da Malam Madori, dala guda ta ci buhu har 15,000. Amma wanda ya bi silsilar Bilhodi zai tarar isnadinta ya koma Detroit, domin kamfanin Vauxhall da ke ƙera ta ya shiga hannun General Motors, mai Chevrolet, tun 1925, kuma da aka fito da ita a 1931, daga lorin Chevrolet aka ciro ta, injinta mai silinda shida jikan wancan ne na 1929. A shekarun nan ne kuma injin dizal na kamfanin Perkins ya yaɗu a duniya a matsayin sabuwar zuciya ga tsofaffin lori masu shan fetur. Daga baya Marsandi ta karɓe manyan kaya, Nijeriya ta koma bin hannun dama a watan Afrilu na 1972, aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da cutar gyaɗa ta biyo bayan fari ta rushe dalar da ta rage. Hodi da 'yan'uwanta suka kwanta a bayan gareji, kaji suna ƙwai a cikinsu.

To, a daidai lokacin da muke binne su, a can ƙasarsu ana tono su. Tun kafin yaƙi samarin Kalifoniya, waɗanda ba su da kuɗin sabuwar mota, sukan sayi tsohuwar Ford da 'yan daloli, su cire madigadi da duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji wuta, su tafi busassun tafkuna na hamada su yi tsere. Bayan yaƙi, da sojojinsu suka dawo da ilmin inji kamar yadda namu suka dawo, abin ya bunƙasa, har aka kafa masa mujalla mai suna Hot Rod a 1948, aka fara gasar shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville a 1949. Ford ta 1932 ita ce amaryar wannan fage. Da Chevrolet ya fito da ƙaramin injinsa mai silinda takwas a 1955, mara nauyi, mai yalwar kayan gyara, sai ya zama shi ake dasawa a cikin tsofaffin Ford, abin da da Henry Ford, wanda ya rasu a 1947, ya gani, da bai yi barci ba. Da samarin suka tsufa suka yi kuɗi, sai buƙata ta sauya daga gudu zuwa jin daɗi: a kwance mota har ƙusa ta ƙarshe, a kankare tsatsa, a ƙarfafa firam, a mai da wutarta daga bolt 6 zuwa 12, a sa birkin faifai, da giya mai canza kanta, da sitiyari mai laushi, da na'urar sanyi da aka ɓoye a ƙarƙashin allon gaba, sa'an nan a mayar mata da tsohuwar surarta, a yi mata fenti shafi bisa shafi. Har akwai kamfanonin da ke buga sabon bodin 1932 da sabon ƙarfe, ga wanda bai sami na asali ba.

A nan ne ma'abota wannan sha'awa suka rabu mazhaba biyu, saɓaninsu kuwa ya yi kama da wanda malaman mantiƙi ke yi a kan zati da sifa. Jama'a ta farko suka ce mota shaida ce ta zamaninta, amana ce a hannun mai ita, kuma wanda ya cire injin da aka haife ta da shi ya yi tahrifi, kamar mai kwafar littafi da ya shigar da ra'ayinsa cikin matani maimakon ya bar shi a hashiya. Su ne masu bin lambar inji da lambar firam kamar masu tantance ruwaya, su ne masu baje koli irin na Pebble Beach da aka fara a 1950. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta tsara musu ƙa'idoji a wata takarda da aka sani da Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, a 2019 kuma ta bayyana cewa motar da aka mayar mai lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi a wurinta. Jama'a ta biyu suka ce an yi mota don tafiya, wadda aka kulle a ɗaki ana goge mata ƙura gawa ce da aka yi wa kwalliya. In sabon birki zai sa jika ya hau abin da kakansa ya hau ba tare da ya halaka ba, to maslaha ta rinjayi zahirin nassi.

Ni dai, da yake a gidan ƙasa aka haife ni, zuciyata ta fi karkata ga na biyun, ko da yake ina ganin girman hujjar na farkon. Gidan da na tashi a ciki, kowace shekara kafin damina sai an yi masa yaɓe, azarar da gara ta ci a sake ta, katangar da ta zube a tayar da ita, har ya zama da wuya a nuna tubali guda da hannun kakanmu ya taɓa. Amma duk wanda ya ce ba gidan kakanmu ba ne, sai mu yi shari'a da shi. Abin da ke riƙe da zatin gida shi ne rashin yankewar zama a cikinsa. Makanikan ƙasar nan a kan wannan fatawa suke tun fil azal, ba tare da sun karanta ta ba. Je ka Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya inda ake lodin shanu da riɗi da zoɓo, ka dubi motocin da ke shigowa daga Nijar: za ka ga wadda bodinta na wata ƙasa ne, injinta na wata, sifirin an ƙara masa ganye, tankin ruwa an ɗaura a gefe, kayan gyaranta daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Aikin da attajirin Amurka ke biyan dukiya a yi masa don nishaɗi, shi ne wanda larura ta koya wa namu. Bambancin kawai, shi yana da wadatar da zai ajiye tsohuwa shekara hamsin a rumfa har ta zama zuma ta magani, mu kuwa ba mu taɓa samun sukunin da za mu bar ƙarfe ya huta ba.

Shi ya sa da yaron ya ce, "To Baba, ina namu suka tafi?" sai na aike shi cikin gida ya ɗauko mini tsohuwar fartanyar da ke jingine a bayan rumbu. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da gane cewa babu ƙarfen da ya kai sifirin mota riƙe kaifi, saboda haka motar da ta mutu ba ta kai wa ga kabari: sifirinta ya zama gatari da adda da ruwan garma, tayarta ta zama takalmi da guga, ƙafafunta suka koma ƙarƙashin amalanken shanu, katakon bodinta ya zama ƙyauren shago, abin da ya saura 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Na ce masa ba zan rantse cewa wannan bakin fartanya daga Detroit ya fito ba, amma ba zan rantse cewa ba daga can ya fito ba. Ya jujjuya ta a hannunsa yana dariya, sa'an nan ya yi shiru.

Abin da na roƙe shi, shi nake roƙon 'yan'uwansa masu ilmin zamani. Hodi ta riga ta wuce mu, amma har yanzu akwai Bilhodi da Marsandi mai dogon hanci da Fijo a-kori-kura da ke kwance a bayan gidaje tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, akwai kuma tsofaffin direbobi da karnukan motarsu da suka san kowace rijiya a hanyar Nguru, waɗanda kullum ana rage su ɗaya-ɗaya. A sami guda a hana masu sikeli, a tayar da ita ko da injin wata ne, a rubuta sunan wanda ya saye ta da wanda ya tuƙa ta da abin da ta ɗauka, a ajiye ta kusa da tashar da ta yi wa hidima. Ana cikin haka aka kira magariba, ya mayar da wayarsa aljihu, ya ɗauko mini buta, ya jingine fartanyar a inda ya same ta, domin damina ta kusa, kuma aikinta bai ƙare ba.